Bango, agogo da minti biyu: maganata ga masu hawan jini

Duk wanda aka auna a asibiti aka ce jininsa ya hau, abu uku yake ji kafin ya tashi daga gaban likita: a sha magani kullum, a rage gishiri, a riƙa motsa jiki. Biyun farko kowa ya san yadda ake yin su, ko da ba zai bi ba. Na ukun ne ake zubarwa a ƙofar asibiti. Dattijo mai shekara 60 ba zai sa gajeren wando ya fita sassarfa a titi yaran unguwa suna kallonsa ba. Uwargida da ba ta fita sai da dalili, ina za ta je ta yi gudu? Gidan motsa jiki kuwa kuɗi ake biya duk wata, ga shi maganin ma da ƙyar ake saye. A nan maganar take mutuwa, kuma ni ban ga laifin kowa ba.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne akwai atisayen da ba ya buƙatar komai sai bango da agogo. A ɗaki ake yin sa, da kayan da ke jikinka, kuma shaidar da aka tara a kansa ta kai a ce kowane mai hawan jini ya san da shi. Masana suna kiran irinsa aisometirik. Tsoka ce za ta ɗaure ta yi aiki tuƙuru, amma gaɓa ba ta lanƙwashe ba, ba ta miƙe ba. Ka tura garu da iya ƙarfinka, garu bai gusa ba, hannunka bai motsa ba, amma kafin ka ankara kafaɗa ta ɗauki zafi. 'Yan kokawa sun daɗe da sanin wannan wahalar. Idan biyu suka sarƙe kowa ya kafe, kiɗa yana tashi amma babu mai gusawa, a lokacin ne cinya da gadon baya suke cin wuya.

A shekarar 2023 wasu masu bincike a jami'ar Canterbury Christ Church da ke Ingila, Jamie Edwards da Jamie O'Driscoll da abokan aikinsu, suka tattara gwaje-gwaje 270 da aka yi daga 1990 zuwa 2023 a kan mutum 15,827, suka kwatanta nau'o'in motsa jiki don ganin wanne ya fi sauke jini. Mujallar British Journal of Sports Medicine ce ta buga sakamakon. Kun san awon jini lamba biyu ne, ta sama da ta ƙasa. Gudu da tafiya da tuƙa keke sun sauke ta sama da kusan 4.5, ta ƙasa da 2.5. Ɗaga ƙarfe ya sauke ta sama da kusan 4.5, ta ƙasa da 3. Wannan na tsayawa cak ya sauke ta sama da 8, ta ƙasa da 4. A cikinsa kuma, wanda ya fi tasiri a kan lambar sama shi ne zaman jingina da bango.

Kada wani ya raina 8. Mutumin da ke kan 148 ya dawo 140, ya kusa fita daga ja. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2021 ya nuna cewa duk saukar 5 da aka samu a lambar sama ta hanyar magani tana rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 10 cikin 100. Wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar jiki, ya ɗaga shi, ya kwantar, ya ba shi koko da cokali, ya san ba ƙaramar magana ba ce. Sai dai a faɗi gaskiya duka: waɗannan lambobi matsakaici ne, wani zai samu fiye, wani ƙasa da haka, kuma gwaje-gwajen da aka yi a kan wannan nau'in ba su kai na gudu da tafiya yawa ba, yawancinsu mutane kaɗan ne a ciki.

Ga yadda ake yi. Ka tsaya bayanka manne da bango, ka matsar da ƙafafunka gaba kaɗan, tazararsu daidai faɗin kafaɗa. Sai ka sulale ƙasa a hankali kamar za ka zauna a kujerar da babu ita, ƙwaurinka a tsaye, gwiwa ba ta wuce yatsun ƙafa ba. Ka tsaya a nan minti biyu. Ka miƙe ka huta minti biyu. Ka maimaita har sau huɗu. Sau uku a mako, da kwanan hutu a tsakani. Duka-duka minti 14 ne, bai kai jiran shayi ya huce a sha a tashi ba. Bayanin da masana suke bayarwa shi ne, yayin da tsokar cinya ta ɗaure tana matse jijiyoyin jinin da ke cikinta, da ka saki sai jini ya kwararo da ƙarfi, wannan kwararar ke sa bangon jijiyoyin ya saki ya buɗe. Yau da gobe, jijiyoyin sai su rage taurin kai, zuciya ta samu sauƙin turawa.

Inda mutane suke ɓata abin shi ne zurfin zaman. Bidiyon da ke yawo a waya yawanci samari ne majiya ƙarfi, sun sauka har cinya ta kwanta daidai da ƙasa, wato gwiwa a digiri 90. Mai shekara 55 da ya kwaikwaye su ba zai yi sakan 30 ba zai zube, ya ce wannan ba nasa ba ne. Alhali a gwajin da aka yi a waccan jami'ar ta Canterbury, daga digiri 135 ake fara auna mutum, a riƙa sauko da shi goma-goma har zuwa 95, a ga inda ya dace da shi. Ba gasar zurfi ake yi ba. Zurfin da za ka iya riƙewa minti biyu cur, ka ji cinya ta yi zafi sosai a ƙarshe amma kana iya magana, shi ne naka.

To yaya mutum zai san digiri a ɗakinsa? A nan sana'ata ta shigo, don ni zanen fasaha nake koyarwa a sakandare, kuma kusurwa ita ce abincinmu. Akwai salon zane da ake koya wa yara tun ƙaramar sakandare, shi ma aisometirik ake ce masa, wanda wani malamin jami'ar Kambirij, William Farish, ya tsara ƙa'idarsa a 1822 don ya riƙa nuna yadda ake haɗa sassan injuna. Ƙa'idar ba ta da yawa. Layin da ke tsaye a zahiri, a tsaye za ka zana shi. Layin tsawo da na faɗi kuwa, kowanne za ka karkata shi digiri 30 daga kwance, ɗaya dama ɗaya hagu. Ɗauki bulo mai inci 9. Ka ja layi tsaye na inci 9 bisa sikelin da ka zaɓa, daga gindinsa ka ja na tsawo inci 18 zuwa dama, na faɗi inci 9 zuwa hagu, sauran layukan duk su bi sahun waɗannan ukun. Nan take bulo ya fito da fuska uku, sama da gaba da gefe. Na nesa ba ya ƙanƙancewa kamar a hoto, shi ya sa kafinta ko mai walda ko mai aikin famfo zai iya ɗora rula a kan takardar ya ɗauki awo, matuƙar a kan waɗannan layuka uku ya auna.

Yanzu duba ƙuryar bulon ta sama da ta fi kusa da kai, inda layuka uku suka haɗu. Tsakanin kowane biyu digiri 120 ne cif. Ka zana wannan a bayan kwalin sabulu da ma'aunin nan mai kusurwa uku da ke cikin akwatin lissafin ɗanka, ka yanke yanki ɗaya da almakashi, ka samu ma'aunin gwiwa. Wanda ba shi da wannan ya dubi agogon bango: hannayensa a ƙarfe huɗu daidai digiri 120 ne, a ƙarfe uku kuma 90. Yawancin masu farawa tsakanin 135 da 120 ya kamata su tsaya, su daɗe a nan kafin su ƙara sauka.

Irin wannan kwalin na yanka wa kawuna, wanda hawan jini ya kama bayan ya yi ritaya. A zaure muka gwada. Ya tattare babbar riga ya jingina, na durƙusa na kara kwalin a gefen gwiwarsa. Ba a jima ba na ga cinyarsa ta fara rawa, jijiyar wuyansa ta tashi, ya cije leɓe ya yi tsit.

"Kawu, ku saki numfashin," na ce. "Ku ƙirga da ƙarfi in ji."

"Kai ɗan nan, ana wannan azaba ana ƙirge?"

Amma ya ƙirga, kuma da ya fara ƙirgen sai fuskarsa ta saki. Wannan shi ne abu mafi muhimmanci a duk rubutun nan, don Allah a riƙe shi. Ɗabi'ar jiki ce idan ya ɗauki nauyi mutum ya toshe numfashi ya yi yunƙuri, kuma hakan yana cilla jini sama nan take. Ko ba a toshe numfashi ba, jini yana hawa a lokacin da ake riƙon, daga baya ne yake sauka. Saboda haka wanda jininsa ya yi sama sosai bai daidaita ba, ko mai ciwon zuciya, ko wanda ya taɓa samun shanyewar jiki, ko mai juna biyu, ko wanda ciwon suga ya taɓa masa ido, kada ya fara sai likitansa ya amince. Jiri, ciwon ƙirji ko ganin duhu-duhu, a tashi nan take. Mai ciwon gwiwa yana da wata hanya, wato matse abu a tafin hannu da kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa, minti biyu sau huɗu, ita ma an gwada ta tun farkon shekarun 1990.

Ina jaddada iyakar abin ne saboda an taɓa zuzuta shi har ya zubar da mutuncinsa. A 1953 wasu Jamusawa biyu, Theodor Hettinger da Erich Müller, suka ba da rahoton cewa matse tsoka na sakan 6 sau ɗaya a rana, da kashi biyu cikin uku na ƙarfin mutum, yana ƙara ƙarfi da kusan kashi 5 cikin 100 a mako. Waɗanda suka sake gwadawa daga baya ba su samu ƙaruwa mai yawa haka ba. A farkon shekarun 1960 kuma kamfanin York Barbell na Amurka ya yi ta tallar cewa wannan atisayen ne sirrin ƙarfin 'yan ɗaga ƙarfensa irin su Bill March, ana ta sayen kayan yinsa. Daga baya ta bayyana cewa likitansu, John Ziegler, yana ba su ƙwayar Dianabol mai kumbura tsoka. Da asiri ya tonu sai mutane suka yi watsi da atisayen gaba ɗaya, har da amfaninsa na gaskiya.

Samarinmu masu ɗaga ƙarfen siminti a lungu su ma su ji wannan. Riƙo ba motsi yana ƙara ƙarfi, amma mafi yawan ƙarfin yana taruwa ne a kusurwar da aka riƙe da abin da ke kusa da ita. Wanda ya saba riƙo a 120 kaɗai, ba lallai ya ga bambanci sosai ba idan ya durƙusa har ƙasa. Mai son gina jiki sai ya haɗa da ɗagawa da saukewa, ko ya riƙa sauya kusurwa. Haka nan bai maye gurbin tafiya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana nan a kan minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu. Wanda yake takawa zuwa masallaci da kasuwa da gona ya ci gaba da takawarsa, wannan ƙari ne.

Babban abin da nake tsoro shi ne wani ya karanta wannan ya ajiye maganinsa. Mun sha gani, mutum ya ji sauƙi kwana biyu ya ce ya warke, sai a wayi gari bakinsa ya karkace. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu shi a duniya ba su ma san suna da shi ba. Kuma saukar da atisayen ke kawowa ba ta dawwama, in aka daina, cikin makonni jini yana komawa inda yake.

Roƙona ga ma'aikatan jinya da ke ɗakin awon jini shi ne su ɗauki minti ɗaya su nuna wa majinyaci zaman a jikin bangon ɗakin, maimakon "a riƙa motsa jiki" kawai. Malaman wasanni a makarantu su koya wa yara, su kai wa iyayensu gida. Kai kuma da za ka fara, je kemis ko asibiti a auna ka kafin ranar farko, ka rubuta lambar da kwanan wata a littafi. Ka riƙa aunawa duk mako a lokaci ɗaya, bayan ka zauna ka huta minti biyar, ba da ka tashi daga jikin bango ba. Bayan wata biyu ka kai wa likita littafin, shi ne zai ce a rage magani ko a bar shi yadda yake.