Wai hoto ba ya ƙarya

Tun jiya nake danne zuciya kan hoton nan da kuke ta yaɗawa na wani mutum da ya ɗaga hannu, amma abin ya ishe ni. Daga ganin mutum ya ɗaga hannu shikenan an gama shari'a, wai mari zai kai. Sannunku malaman duba! Ƙiftawar ido ɗaya kyamara ta kama, ku kuma har kun karanto abin da ke ransa.

Wani har da yi min gori wai "ai hoto ba ya ƙarya". Malam, hoto ko magana ba ya yi balle ƙarya, kai ne kake ara masa baki. Akwai wanda ya riƙe kyamarar, shi ya zaɓi inda zai tsaya da abin da zai yanke ya bari a waje, wani kuma ya rubuta kalma biyar a ƙasa, kai ka haɗiye duka kana cewa da idona na gani. Tun 1929 wani mai zane, René Magritte, ya zana lofe ya rubuta a ƙasa cewa wannan ba lofe ba ne, kuma gaskiyarsa, in ka isa ka zuba taba a ciki ka sha mana.

Ku tuna hoton da ɗan jarida Kevin Carter ya ɗauka a Sudan a 1993, yaron da yunwa ta durƙusar ga ungulu a bayansa. Duniya ta yi ta tsine wa mai hoton, kowa ya ɗauka ungulun ta cinye yaron, alhali kusa da wurin rabon abinci suke kuma yaron ya rayu bayan nan. A 1994 Carter ya samu babbar kyautar aikin jarida ta Pulitzer, a shekarar kuma ya kashe kansa. Wallahi duk na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Masu cewa "to kenan kar mu yarda da komai", ku kai kasuwa, ban faɗi haka ba. Cewa na yi ka tambayi wa ya ɗauka da me ya rage a gefe kafin ka zagi iyayen bawan Allah. Masu Fotoshof ma ba su suka fara sauya hoto ba, Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, ya sa an goge Yezhov, tsohon shugaban 'yan sandan sirrinsa, daga gefensa a hoto tun babu kwamfuta.

Af, rigar nan da aka yi ta gardama kan kalarta a hoto a intanet a 2015 kuwa, na san an ce shuɗi da baƙi ce, ni dai har gobe fari da ruwan gwal nake gani, kar wanda ya zo min da bayanin haske.