Hausa ba ta cinye wa yaro Turanci

'Yan uwana masu ƙananan yara a Abuja, da ku nake. Ranar Asabar na je suna a Kubwa, gidan wani abokina. Mahaifiyarsa ta zo daga Katsina. Ta miƙa wa babban jikanta hannu, yaro ɗan shekara biyar, tana cewa, "Zo nan maigidana, ina cefanena?" Yaron ya tsaya yana kallon uwarsa, yana jira a fassara masa. Hajiya ta mayar da hannunta cikin mayafi, ba ta ƙara cewa uffan ba. Har na dawo gida abin yana cin raina.

Da na tuntuɓi abokin nawa, sai ya ce ai a makaranta aka ce su daina yi wa yaron Hausa, wai harshe biyu zai rikita masa kai, Turancinsa ya lalace. Wannan magana ta zama ruwan dare daga Gwarinpa har Lugbe, kuma wallahi ba ta da tushe.

Masana ƙwaƙwalwa sun daɗe suna bin diddigin lamarin. A 1984, a Kanada, Janet Werker da Richard Tees suka gwada jariran da ake yi wa Turanci a gida. A wata 6 zuwa 8, jariran suna bambance wasu sautukan harshen Hindi waɗanda iyayensu ma ba sa jin bambancinsu. Kafin su cika shekara, yawancinsu sun daina. Dalili kuwa, ƙwaƙwalwa tana ƙarfafa hanyar sautin da kunne ke kawo mata kullum, wanda ba ya zuwa kuma ta sake shi. To mu dawo gida: tsakanin ƙafa da kafa, ko ɓari da bari, ko ɗaki da daki, ɗan sauti ɗaya ne tak. Yaron da bai ji su tun yana goye ba, zai iya koya daga baya, amma da jan aiki, kuma sau da yawa bakinsa sai ya tona shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai kuma masu miƙa wa jariri waya, wai ya koyi Turanci ko Larabci daga bidiyo. A 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta a Amurka suka haɗa jarirai 'yan wata 9 da masu jin Mandarin, babban harshen ƙasar Sin, zama 12. Waɗanda aka zauna da su ido da ido, ana wasa da su ana karanta musu littafi, sun kama sautukan. Waɗanda aka kunna musu mutanen nan a talabijin kuwa, kamar ba su taɓa ji ba. Jariri daga mutum yake ɗaukar harshe, wanda zai kalle shi, ya amsa masa gwaranci, ya yi masa dariya.

Idan kun ji yaro yana cakuɗa Hausa da Turanci a magana ɗaya, kada hankalinku ya tashi. Mu ma haka muke yi in muna ciniki a kasuwar Wuse, kuma babu wanda ya ce mun rikice. Yana ɗauko kalmar da ta fi kusa ne, da sannu zai san wace ake yi wa wa.

Batun makaranta ma an gwada a ƙasar nan. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani shiri a Ife, aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi. Ba su kasa wa takwarorinsu a Turanci ba.

Don Allah ku duba da kyau. Turanci a garin nan yaro zai same shi a aji, a titi, a wajen maƙwabta, ko kun so ko ba ku so ba. Hausa kuwa in ba daga bakinku ba, daga ina? Na roƙi abokina, kafin Hajiya ta koma Katsina, ya riƙa kai mata yaron ɗakinta bayan magariba, a kashe talabijin, ta fara masa da ga ta nan ga ta nanku, ko da bai san amsar ba tukuna.