Yadda kunyar suruka ta mayar da ni direban gingimari a Texas

Wallahi duk abin da ya same ni a tafiyar nan kunya ce ta jawo min. Hajiya, wato mahaifiyar uwargida, ta zo mana wankan jego daga Kano, wata huɗu tana Houston ba inda ta sani sai falo da asibiti da masallacin Juma'a. Da komawarta ta matso sai uwargida ta ce, "Abbansu, ai da kunya Hajiya ta koma gida ba labarin da za ta bayar sai na injin wanki." Na ce haka ne. Lokacin watan Yuni ne yara na hutu, sai muka tsayar za mu Big Bend, wani makeken daji mai duwatsu can yammacin Texas a bakin kogin Rio Grande, in ka tsaya a bakin ruwan kana kallon Meziko a tsallake. Kuma motar nan mai gida a ciki za mu haya, su suna ce mata RV, ni tafi-da-gidanka nake kiranta.

Na je wurin hayar, wani dattijon Bature ya tambaye ni mu nawa ne, na ce manya 3, yara 2 da jaririya. Ya ce to ga daidai ku, ya nuna min wata 'yar ajin C mai tsawon ƙafa 24, gado ɗaya a saman kan direba, teburin cin abinci ana kwantar da shi ya zama gado, ga wani gadon a baya. Na leƙa ciki, na duba gabas na duba yamma, babu ƙofa ko ɗaya sai ta banɗaki. Labule ne kawai. Wato ni in kwanta nan, Hajiya can, tsakaninmu taku biyu, ni da ko shayi ba na iya kurɓa a gabanta sai na juya baya. To ta ina zan fara yi wa Bature bayanin kunyar surukai? Ya nuna min ajin B, wannan kam bas ce ƙarama aka sa wa katifa, ko tsayawa ban yi ba. Can ƙarshen fili na hango wata uwar mota ajin A, ƙafa 35, gilashin gabanta kamar na shagon gwal, kuma a bayanta akwai ɗaki mai ƙofa ta gaske da ake rufewa. Na ce wannan.

Ya ce ka taɓa tuƙa babbar mota? Na ce haba, a ƙasarmu ai wannan ba komai ba ce. Allah ya yafe min, mafi girman abin da na taɓa tuƙawa Sienna ce. Ya ce tunda nauyinta bai wuce fam 26,000 ba lasisina na yau da kullum ya isa, sannan ya tambaya ina muka nufa, ni kuma na gaji da tambaya na ce yamma kawai. Da na faɗi sunan wurin da ya cece ni.

Tafiyar kusan mil 600 ce, yawanci a kan babbar hanyar I-10. Can yamma doka ta yarda a yi gudun mil 80 a awa, ni kuwa ina 55 na ƙanƙame sitiyari da hannu biyu ina ta hasbunallahu, duk tirelar da ta wuce mu sai iskarta ta kaɗa mu kamar kwale-kwale, tukwane na kaɗe-kaɗe a kicin, yara na ta murna wai ana lilo. Mai kuwa kar ma a yi magana. Galan ɗaya da ƙyar yake kai mu mil 8, tankin galan 80 ne, ina zubawa famfon ya tsaya da kansa sai da na sake saka kati, na ga dala 200 ta wuce ta gabana ko sallama babu.

A wani gidan mai a garin Fort Stockton da ke kan hanya ne aka yi ta farko. Abin da ban sani ba shi ne irin wannan motar ƙafafun baya suna can ciki, gindinta ya yi tsawo a bayansu, in ka karya kwana hagu sai gindin ya watsa dama. Hajiya tana zaune ta taga tana ganin ƙarfen da ke tsare famfo yana matsowa. Amma Hajiya ba ta yi min magana kai tsaye, ni ne mijin 'yarta ta fari. Sai ta juya ta ce wa uwargida a hankali, "Ke, ce wa maigidan naki ya dakata." Uwargida na ba jaririya nono ta ce, "Na'am Hajiya, me kika ce?" Kafin saƙon ya iso gare ni sai ji muka yi ƙuuuu. Fitilar baya ta tafi. Hajiya ta ce, "To ba sai kin faɗa masa ba."

Muka isa Big Bend da la'asar, na riga na kama mana wuri a Chisos Basin, can cikin duwatsu sama da ƙafa 5,000 inda ake samun sanyi-sanyi ko da bazara. A ofishin masu kula da dajin da ke Panther Junction wata ma'aikaciya ta leƙo ta kalli motar tun daga kai har gindi, ta tambayi tsawonta, na ce 35 da alfahari. Ta ce hanyar hawan akwai kwanoni masu kaifi da gangare, motar gida da ta wuce ƙafa 24 ba a son ta hau. Ashirin da huɗu. Daidai wadda dattijon nan ya nuna min. Uwargida ba ta ce komai ba, kallona kawai ta yi, da ma ta zage ni da ya fi sauƙi.

Dole muka gangara Rio Grande Village a bakin kogi, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi zafi a dajin gaba ɗaya. Jama'a na taɓa yin Afrilu a Sakkwato, wannan yayansa ne. Inda muka samu babu wutar da za a jona, janareta kuma da daddare dole a kashe, esi ya mutu, ɗakina mai ƙofa da na biya kuɗi dominsa ya koma tanderun burodi. Hajiya ba ta yi wata-wata ba ta ɗauko tabarmar da ta taho da ita tun daga Kano, wadda na yi ta gunaguni a raina lokacin loda kaya, ta shimfiɗa a waje. Yara suka bi ta, uwargida ta bi su da jaririya. Aka bar ni ni kaɗai a cikin ƙafa 35 ina ta tsiyayar gumi, don ba yadda za a yi in je in kwanta kusa da tabarmar surukata. Ina jin su suna hira suna ƙirga taurari.

Banɗakin motar ma ban taɓa shiga ba, bangonsa kamar kwali, ko tari ka yi sai na gaba ya ji, kullum sai dai in ɗauki buta in yi tattaki zuwa na jama'a. Amma ranar komawa ni aka bar wa juye tankin bayan gidan. Ban ɗaura tiyon da kyau ba, na ja marfin. Ba zan ce komai ba, takalman dai suna can.

Sati biyu da komawar Hajiya Kano sai ga kira daga ƙanin uwargida. Bayan gaisuwa ya ce, "Yaya, ashe ka samu aikin tuƙin babbar mota ba ka faɗa mana ba, Hajiya ta nuna mana hoto." Ina ƙoƙarin yin bayani ya katse ni, wai in ba ni da yaron mota shi a shirye yake, fasfo ɗinsa ma ya fito.