Ni da baƙin katin manya

Wallahi wani abokina ne ya jawo min, ɗan kasuwa mai zuwa Dubai sarin kaya. Muna majalisa bayan isha'i ya buɗe walat zai sallami mai shayi sai ga wani baƙin kati yana sheƙi, na ce Alhaji wanga kuma na mi ne? Ya ce kiredit kad ne na manya, da shi yake shiga falon alfarma a filin jirgi, ga esi ga abinci kyauta, har da inshora in jakarka ta ɓace. Ni da ke zaune cikin zafin Afrilun Sakkwato ba wuta, esin nan kaɗai ya gama da ni.

Kwana 3 ina ƙona data ina gwada wanne ya fi. Visa Platinum, Visa Infinite, Mastercard World, har na leƙa wani na American Express a Amurka da katin ma na ƙarfe ne, kuɗin riƙonsa duk shekara ɗaruruwan daloli, na fita da sauri kamar na taka garwashi. Na yago takarda a littafin ɗiyata na ja layi, wannan maki yake tara maka, wancan yana maido maka da ɗan wani abu cikin abin da ka kashe, wancan kuma falo. Uwargida ta leƙo ta ce Baban Hafsa, kai da iyakar tafiyarka Gusau, a Sharon, an matse ku kamar kifin gwangwani, wane falo? Na ce ba za ki gane ba, harkar manya ce.

Ran Litinin na zuba babbar rigar sallah da turare na nufi banki. Yarinyar da ke kan tebur ta tarbe ni da ranka ya daɗe, na zauna na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya na ce baƙin kati nake so, mai falo. Ta buɗe akawun ɗina a kwamfuta, ta yi shiru, ta gyara gilashi, ta ƙara dubawa, daga nan fa ranka ya daɗe ya koma malam.

Ta ce malam ka san bashi ne ko? Kuɗin banki kake kashewa, in lokacin biya ya yi ba ka biya duka ba sai ruwa ya hau kan ragowar, ga kuɗin shekara ko ka taɓa katin ko ba ka taɓa ba. Ashe duk karatun kwana ukun nan wajen kyaututtuka kawai nake dubawa, ƙananan rubutun ƙasa ban ko kalle su ba. Na ce a'uzubillahi riba, da ƙarfi, don mutanen layi su ɗauka tsoron Allah ne ya tashe ni ba albashi ba. Amma sai da na tambayi maganar maido kuɗin, ta ce a misali in kashi 1 cikin 100 ne, sai ka kashe dubu 100 ka samu dubu 1. Kuɗin kabu-kabuna zuwa da dawowa kenan fa.

Na fito zufa ta jiƙa shaddar, na tsaya wurin mai POS in ciri na mota da tsohon katina mai gutsurarren gefe, yaron ya zura ya ce baba babu komi ciki. A ƙasa na tako har gida. Ina sallama uwargida ta shimfiɗa tabarma gindin dalbejiya ta aje mafici da kofin hura, ta ce Alhaji sannu da sauka, bismillah ga falon, ya jirgi?