Fuskar da ke bayan gidan abinci

A fim ɗin Mulholland Drive na David Lynch, wanda ya fito a 2001, akwai wani wuri da har yau yake tayar min da tsigar jiki. Maza biyu suna zaune a gidan abinci mai suna Winkie's a birnin Los Angeles, da rana tsaka. Ɗayan yana ba abokinsa labarin mafarkin da ya yi har sau biyu: wai akwai wani mutum a bayan wannan gidan, mai fuskar da ba ya fatan sake gani. Sai suka tashi suka zagaya. Kyamara tana bin su sannu-sannu, mai mafarkin yana haɗa gumi. Suna isa bakin bango sai ga fuskar ta leƙo, baƙa wuluk da dauɗa, nan take mai mafarkin ya yanke jiki ya faɗi.

Masu kallo da dama kan ce a cire wannan wurin, labarin ba zai rasa komai ba. Suna da 'yar hujja. Asali Lynch ya ɗauki aikin ne a 1999 a matsayin kashin farko na shiri mai dogon zango don tashar ABC ta Amurka. Tashar ta ƙi karɓa, daga baya kamfanin StudioCanal na Faransa ya zuba kuɗi aka ƙarasa shi ya zama fim. Don haka akwai zaren da aka fara saƙawa ba a kai ƙarshensa ba.

Amma ni ban yarda ba cewa wurin Winkie's tarkace ne. A nan Lynch yake koya wa mai kallo yadda zai kalli sauran fim ɗin: an faɗa maka abin tsoro da baki, ka san yana tafe, kuma da ya zo bai fasa girgiza ka ba. Daga nan ba ka ƙara amincewa da hasken rana a fim ɗin. Can gaba, lokacin da Diane, jarumar fim ɗin, ta zauna a wannan gidan abincin tana ba wani makashin haya kuɗi ya kashe wadda take so, sai ta ɗaga kai ta hangi mai mafarkin tsaye wajen biyan kuɗi. Tsoron da muka ɗauka nasa ne, ashe nata ne.

Matsalarmu ita ce muna ɗaukar irin wannan fim kamar kacici-kacici mai amsa ɗaya. Lynch, wanda ya rasu a Janairun 2025, ya sha ƙin bayyana ma'anar finafinansa, kuma ina ganin ya kyauta. Wanda ya farka cikin dare zuciyarsa tana bugawa ya riga ya ji nauyin mafarkinsa tun kafin gari ya waye ya je neman fassara wurin malam.