Wata Huɗu Babu Albashi, Kuma Wai Yaran Ne Ba Su Da Kishi

Ƙarfe biyun dare ƙanena ya dawo daga wasan waje, gwiwarsa ta kumbura suntum. A zaure ya zube, ya ce, "Yaya, ara mini dubu biyu in sayi man zafi." Ɗan wasan ƙwallon ƙafa na ƙungiyar jiha ke nan fa, mai buga gasar NNL ta Najeriya, wadda daga ita sai babbar gasa ta NPFL. Wallahi na kasa barci saboda takaici.

Ga yadda aka yi tafiyar. Babu kuɗin masauki, don haka da asubar ranar wasan suka tashi. Awa bakwai a cikin bas ɗaya, 'yan wasa da koci da jakunkuna an cusa kamar buhunan albasa. Motar ta mutu sau biyu, su ne suka sauka suka tura. Burodi da ruwan leda suka ci, suka sauka ƙafa a sage, suka shiga fili. An ci su uku da nema. Washegari wani babba a ƙungiyar ya shiga rediyo yana cewa yaran ba su da kishi. Haba! Kishi ake dafawa a gida? Wata huɗu babu albashi, alawus na wasa an yi shiru, kuɗin sa hannu kuwa tun farkon kaka ake cewa fayil yana ofis. Takalmin da yake bugawa da shi sau uku ina kai wa mai gyara yana ɗinke bakinsa da zare.

Na san tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin tafiya ya ninka, kowa ya ji a jikinsa. To amma me ya sa tsadar ba ta taɓa motar shugabanni? Ranar wasan gida za ka gan su sun cika rumfa da manyan riguna, kowa da 'yan rakiyarsa, alhali babu likita ko ɗaya a gefen fili.

Kuma kada a ce mini ƙaramar gasa ce. A 2024 El-Kanemi Warriors tana wannan matakin ta doke Abia Warriors biyu da nema ta ɗauki Kofin Tarayya, ta kuma haura sama. Kano Pillars ta faɗo a 2022, shekara ɗaya ta koma. Iyayenmu har yau suna ba da labarin Ranchers Bees ta Kaduna da ta kai wasan ƙarshe na gasar Afirka ta ƙungiyoyin da suka ci kofin ƙasashensu a 1988. Yaran Arewa sun iya ƙwallo, riƙo ne ake kasawa.

Yanzu muna can ƙasan teburi, manyan 'yan wasanmu uku sun tattara sun tafi, kuma ban ga laifinsu ba. Wasan waje na gaba ma ana raɗe-raɗin ba za a je ba, wato a miƙa maki uku da ƙwallo uku kyauta.

Ku biya yaran nan haƙƙinsu. In kun gaza, ku sakar musu takardunsu su nemi wata ƙungiyar tun ƙafafunsu na da ƙarfi. Ƙanena yana da mata da jariri, kuma jiya da yamma na gan shi yana tambayar maƙwabcinmu ko zai ba shi Keke Napep ya riƙa ja da daddare.