Wanda ya karɓi kuɗin kati, shi zai amsa tambaya idan sabis ya ɗauke

Makon jiya sabis ya ɗauke a unguwarmu, nan Tudun Wadan Kaduna, tun bayan Azahar har washegari da hantsi. Yaron da ke da rumfar POS a bakin layinmu ya wuni yana ɗaga na'urarsa sama, masu cirar kuɗi na zuwa suna juyawa hannu rabbana. Da abin ya ishe ni sai na taka har gindin ƙarfen sabis ɗin. Na tarar da mai gadi a kan benci, janareta shiru.

Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce mai ne ya ƙare. Na ce to a kira kamfanin mana. Ya dube ni ya ce, "Wanne daga ciki, Malam? Masu ƙarfen daban, masu kawo mai daban, masu gyaran na'ura daban. Ni kaina wani ɗan kwangila ke biyana."

Gaskiya dattijon ya faɗa. Da GSM ta shigo Najeriya a 2001, kamfanonin waya su ke kafa ƙarafansu, injiniyoyinsu ke kula da su. Daga baya salo ya sauya. Kamfanin Bharti na Indiya ne ya yi fice da wannan dabara: tun 2004 ya miƙa wa irin su Ericsson da Nokia kula da hanyoyin sadarwarsa, ya ba IBM ɓangaren kwamfuta, kuma shi ne ya sayi Zain na Afirka a 2010 aka koma Airtel. A 2014 MTN ya miƙa wa IHS, kamfanin da ke kula da ƙarafan sabis, ƙarafa kusan 9,000, Airtel ya sayar wa American Tower na Amurka kusan 4,800. Yau galibin na'urorin da ke ɗauke da muryarmu na Huawei ne ko Ericsson ko Nokia, kuma sau da yawa su ake ba kwangilar kula da su.

Ba na cewa tsarin ba shi da hujja. Wanda ya ƙera abu ya fi kowa sanin lagonsa, kuma ƙarfe ɗaya da kamfanoni uku za su rataya na'urorinsu ya fi ƙarafa uku a jere kowanne na shan mai.

Damuwata ita ce an ba da aiki, sai aka haɗa har da alhaki aka bayar. Idan hannaye suka yi yawa a tukunya, ranar da tuwo ya ƙone kowa sai ya nuna na kusa da shi. Mun gani a watan Agustan 2025, lokacin da saɓani tsakanin IHS da masu dakon man dizal ya kai ga toshe wuraren lodi a Kaduna da Legas da Koko ta Jihar Delta, har ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta ALTON ta yi gargaɗin cewa dubban ƙarafa na iya tsayawa. Mai waya a Kawo ko Rigasa bai taɓa ƙulla ciniki da ko ɗaya daga cikin masu rigimar ba, amma wayarsa aka sa a tsakiya.

Akwai kuma yaranmu. Injiniyan da ya fito daga ABU Zariya ko Kaduna Poly, shi ke hawa ƙarfe da tsakar rana, shi ke bin hanyar Birnin Gwari da ransa a hannu, amma a ƙarƙashin ɗan kwangilar ɗan kwangila yake, ba takardar aiki ta dindindin. Ilimin tsara hanyoyin sadarwar kuwa, mai tsokar, yana hannun masu kayan. Ranar da kwangila ta ƙare, me ya rage a hannunmu?

A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, bisa alƙawarin inganta aiki. Mun biya, muna kan biya. To, hukumar ta riƙe mai lasisi, ba ruwanta da ko wa ya ba kwangila. Duk unguwar da sabis ya ɗauke na sa'o'i, kamfanin da aka sayi katinsa ya aiko wa mutane bayani, ya mayar musu da datar da ta ƙone a banza, sannan ya je ya bi ɗan kwangilarsa. Kuma kowace kwangilar kula da na'urori ta zo da sharaɗin horar da injiniyoyin gida da ɗaukarsu aiki na ƙwarai.

Yaron POS ɗin nan ya yi asarar cinikin wuni guda cur, kuma har yau ko saƙon ban haƙuri bai shigo wayarsa ba.